Ina son fara zane da bugun 3D amma ban san komai ba, ta ina zan fara?

Wani ƙaninmu ɗan Rijiyar Lemo a Kano ne ya turo tambayar. Yace ya gama difloma yana zaune ba aiki, kullum sai ya ga bidiyon injin nan mai buga kaya na 3D a TikTok har abin ya shiga ransa, ya ɗan tara kuɗi, yana da tsohuwar laftof mai RAM 4, shine yake so in faɗa masa wace firinta zai saya, kuma wai da gaske ana cin abinci da ita a garin nan?

To ƙanena, kuɗin nan ka mayar dasu aljihu tukunna. Nasan ba amsar da kake son ji ba kenan, amma ni da firinta na fara kuma nasan abin da ya biyo baya, wata huɗu ina sauko da zanen mutane daga intanet ina bugawa ina jerawa a kan tebur, ranar da wani mai gyaran keken ɗinki ya kawo min wata 'yar roba da ta karye yace in yi masa irinta sai na tsaya ina sosa ƙeya, dan ban iya zana komai ba. Injin bai san komai ba, abin da ka zana masa shi zai fitar. Sana'ar tana wajen awo da zane, kuma su biyun zaka iya koyonsu da laftof ɗin nan da kake rainawa. Abin da zaka fara kashewa kuɗi guda biyu ne kacal. Maus mai taya a tsakiya, sabida da ɗan farantin shafawa na laftof bazaka iya juya zane ba sai ranka ya ɓaci, sai kuma kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu da masu juya ƙarfe suke sawa a aljihun gaba, ka samu mai nuna lamba wanda yake karanta har 0.01 na milimita. Daga yau ka manta da inci, komai a harkar nan da milimita ake yinsa.

Bari in nuna maka yanda injin yake aiki dan ka daina yi masa kallon tsafi. Ka taɓa tsayawa kan mai zanen lalle lokacin biki? Leda ce a hannunta mai ɗan tsinin baki, tana matsawa layi yana fita. To haka firintar take, sai dai maimakon lalle zaren roba ne mai kaurin milimita 1.75 da ake cewa filamen, ta jawo shi ta narkar a zafin digiri 200 ko sama, ta matso shi ta wani ɗan baki da ake kira nozul mai ramin milimita 0.4, ta zana hawa ɗaya a kan faranti, ta ɗaga sama da kamar 0.2 ta sake zana wani a kai, haka haka har abu ya tashi. Abu mai tsayin santimita 2 kaga hawa 100 kenan. Shi yasa take da nawa, bidiyon da kake gani na sakan 30 wallahi wani aikin awa 10 ne aka matse. Fasahar ma ba sabuwa bace, Chuck Hull a Amurka ya samu rajistar irin mai amfani da ruwan rezin tun 1986, Scott Crump ya fito da irin mai zaren nan a ƙarshen shekarun 1980, amma shekara da shekaru sai manyan kamfanoni ke iya saye. Adrian Bowyer na jami'ar Bath a Ingila ne ya fara aikin RepRap a 2005 ya saki tsarin injin kyauta kowa ya kwaikwaya, rajistar Crump ta ƙare a 2009, daga nan farashi ya rushe har ya iso inda irinmu zamu iya miƙa hannu.

Aikin kashi uku ne. Ka zana abu a manhaja ka fitar dashi a fayil ɗin STL ko 3MF, ka kai shi wata manhajar da ake kira silaisa ta yanka shi hawa-hawa ta rubuta umarnin da injin yake ganewa wato G-code, sannan ka sa a memori ko ka tura ta wayifai a buga. Biyun farko ba ruwansu da firinta.

Wajen zane ka fara da Tinkercad. Na kamfanin Autodesk ne, kyauta ne, a burauza yake buɗewa ba sai ka sauke komai ba, kuma RAM 4 ɗinka zai ɗauka. Zaka ga kamar wasan yara, akwati da ƙwallo da silinda kana jawowa kana haɗawa, wani ka mayar dashi rami ya huda ɗan'uwansa. Kar ka raina shi, rabin kayan gyaran da ake kawo min har gobe da shi zan iya gamawa. Matsalarsa ɗaya, in data ta ƙare aiki ya tsaya. Bayan sati uku ko huɗu zaka fara jin ya matse ka, misali kana son canza faɗin abu ɗaya sauran su bi shi da kansu, to lokacin ne zaka koma FreeCAD ko Fusion. Fusion yafi daɗin hannu kuma yana da lasisin kyauta ga mai koyo, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi kuma yana yawan neman intanet. FreeCAD kyauta ne gaba ɗaya, baya neman data, da can yana da taurin kai sosai amma tunda aka saki 1.0 a ƙarshen 2024 ya gyaru. A laftof irin taka ni FreeCAD zan ce. Blender kuma, nasan shi zaka fi gani a YouTube, manhaja ce babba amma ta masu sassaƙa da katun ce, in burinka kayan gyara masu awo ne zata ɓata maka wata shida a banza. Ka bar ta sai in ado ko ƙirar zobe kake so.

Kada ka zauna kana kallon darasi awa biyar. Ka tashi ka zaga gida ka nemo abin da ya karye. Ni na farkon da na zana da kaina makunnin kukar gas ɗin Hajiyarmu ne, ya tsage tun tuni ana kunnawa da filaya. Na cire ragowar na auna ƙarfen da yake shiga, milimita 6 ne zagaye amma an shafe gefe ɗaya kamar harafin D. Na zana rami 6 cif, na buga, minti 50, na kawo da murna ta, yaƙi shiga ko da duka. Sabida roba in ta fito da zafi tana ɗan bajewa kuma tana tsukewa in ta huce, rami kullum yana fitowa ƙasa da yanda ka zana. Nace to bari in sa 6.5, wannan ya shiga amma yana lilo, ka murɗa shi ya juya gas ko gezau. Sai a na uku na sa 6.2 ya zauna daram. Hajiya tana kallona tace, yanzu duk wannan injin da ka tara wa kuɗi abin da zai yi kenan? Bayan sati biyu kuma makunnin ya yi laushi ya karkace sabida zafin tukunyar tuwo, zan dawo kan wannan. Abin da na koya a makunnin nan yafi duk bidiyon da na kalla: duk inda abu zai shiga cikin abu ka bar tazarar kamar 0.2, kuma kar ka buga abu gaba ɗaya dan gwaji, yanko wajen ramin kawai ka buga na minti 8 ka gwada.

Akwai abu biyu da mai zane dan bugawa dole ya riƙe a kai. Na ɗaya, injin baya gini a iska. Kamar dai magini ne, in za a zuba dakin sai an kafa sanduna a ƙasa. Duk ɓangaren da ya leƙo waje fiye da digiri 45 sai silaisa ta yi masa tokara, tokarar nan roba ce da lokaci, kuma in ka ɓalle ta tana barin tabo, dan haka gwani tun a zane yake dabarar da zai kauce mata, ko ya kwantar da abun ta wani gefen ko ya raba shi biyu ya manne daga baya. Na biyu, abin da aka buga kamar rake yake, a gaɓa yake karyewa. Tsakanin hawa da hawa nan ne rauninsa. In ka buga ƙugiyar rataye kaya a tsaye, jaka ɗaya zata ɓalle ta, in ka kwantar da ita yanda layukan zasu bi tsawon lanƙwasar sai ka yi mamakin nauyin da zata ɗauka. Zane ɗaya, roba ɗaya, kwanciya ce kawai ta bambanta.

Silaisa ma ka sauke tun yanzu, Cura ko PrusaSlicer ko OrcaSlicer, duk kyauta. Ka zaɓi kowace firinta a ciki kamar kana da ita, ka jefa zanenka, zata faɗa maka awa nawa zai ci da giram nawa na roba, kuma zaka iya jan layi kana kallon hawa-hawa yanda zai tashi. Ka bar kaurin hawa a 0.2, cikon ciki kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, dan cikin abun ba a cike yake ba, saƙa ce kamar gidan zuma. Sabbin shiga suna son sa 100 wai dan ƙarfi, asara ce, ƙara kaurin bango daga layi 2 zuwa 4 yafi ƙara ciko amfani. In ka zana abu goma ka yanka su, ka nemi mai firinta ka biya a buga maka biyu ko uku, ka tambaya cikin ɗaliban injiniya na BUK ko na Poli, ko ka tura Legas ko Abuja a bugo a sako maka a mota. Ranar da ka riƙe abin da ka zana a hannunka zaka san ko harkar taka ce.

To in ka kai nan, wace zaka saya? Ender 3 ta kamfanin Creality da ta fito 2018 ita ta raini yawancinmu, tana buga abu har 220 da 220 da tsayin 250, kayan gyaranta ko'ina akwai a intanet. Amma tsohon samfurin sai ka daidaita farantin da hannu, kusurwa huɗu, kana zura farar takarda ƙarƙashin nozul kana murɗa taya har ka ji takardar tana ɗan gogawa, yau ka gyara gobe ta goce. Yanzu ba dole sai ka sha wannan wahalar ba, ka nemi mai daidaita kanta, irin Ender 3 V3 SE ko Bambu Lab A1 mini, ita ƙaramar 180 take ɗauka ta kowane gefe kuma ya ishi mai koyo. A waje irin waɗannan suna kamawa dala 200 zuwa 300, kafin kuɗin kago da na kwastan, bazan faɗa maka a naira ba dan kafin ka gama karantawa ya canza. Ta hannu kuma ka yi hattara, da yawa wanda ya sayar ya gaji da ita ne, in ba a buga abu a gabanka daga farko har ƙarshe ba kar ka biya. Kuma duk wadda zaka saya ka haɗo da nozul biyar ko goma da bututun da zare ke bi da na'urar auna zafi ta safaya, dan ba caja bace da zaka shiga Farm Centre ko Beirut ka ɗauka, abin ɗari biyar zai iya zaunar da kai sati uku kana jiran saƙo.

Ranar da ta iso, kafin ka jona, leƙa jikin akwatin wutarta. Da yawa suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In daga Amurka aka kawo tana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya zaka ji da hayaƙi, shikenan.

Wuta ita ce babbar magana a garin nan, kuma masu bidiyon Turai babu mai gaya maka. Na taɓa sa ƙirar gini ta wani ɗalibi, awa 11, a awa na 9 aka ɗauke. Injin yana da tsarin cigaba daga inda ya tsaya, amma kafin a dawo da ita farantin ya huce, abun ya saki, nozul ya zo ya ture shi. Roba ta tafi, dare ya tafi, yaron kuma jibi zai kare aikinsa. Tun daga ranar bana buga abin da ya wuce awa ɗaya sai a kan inbata. Lissafin ba wuya, ƙaramar firinta lokacin da take ɗumama faranti tana iya jan wat 300, in ta zauna tana bugawa kamar 100 zuwa 150, ka ce 120 sau awa 10, kilowat-awa 1.2 kenan. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe 2.4 a takarda, kuma irin na ruwa ba a so ka zuƙe fiye da rabi, kaga bugu ɗaya na awa 10 ya cinye rabonsa na dare ko fanka baka kunna ba. In akwai sola ka riƙa dogon aiki da rana. Ƙaramin jen kuma wutarsa hawa da sauka take, in dole ne ka sa sitabilaiza a tsakani. Kuɗin wuta ka sa shi cikin kuɗin firinta tun farko, in ba haka ba ka sayi doki ba ciyawa.

Sai zafi. Robar da kowa yake farawa da ita PLA ce, daga sitacin masara ko rake ake yinta, tafi kowacce sauƙin bugawa, nozul 200 zuwa 210, faranti 60, bata da wari sosai. Amma tana fara laushi tun daga wajen digiri 60, kuma mota da aka rufe a rana a watan Afrilu a Kano gaban gilashinta yana kaiwa nan. Na yi wa wani mai adaidaita mariƙin waya da PLA, kwana uku ya dawo min dashi ya lanƙwashe kamar alewar da aka manta a aljihu. Shine abin da ya samu makunnin Hajiya ma. Duk abin da zai zauna a rana ko kusa da wuta ko cikin mota ka yi shi da PETG, 'yar'uwar robar gorar ruwa ce, tana jurewa har wajen 80, ana buga ta a 230 zuwa 250, sai dai tana jan zare-zare kamar yauƙin kuɓewa sai ka saba da ita. ABS kar ka taɓa yanzu, tana son injin rufaffe, tana bankarewa, hayaƙinta kuma ba na shaƙa a ɗakin kwana bane. Zafin gari yana taɓa injin kansa ma, in ɗaki ya haura 40 PLA tana yin laushi tun a sama kafin ta iso nozul sai ta toshe, kana ji injin yana ƙas ƙas ba abin da ke fita. A bazara na fi bugawa bayan isha'i ko da asuba. Kuma kar kace zaka saita mata fanka kai tsaye, gefen abun zai huce da wuri ya ɗago daga faranti.

Hunturu kuma ƙura ce, tana kwanciya a kan zare ta bi shi cikin ramin 0.4 ta toshe. Ɗan soso zaka yanka ka huda ka zura zaren ta ciki kafin ya shiga inji, ka lulluɓe firintar da zani in bata aiki. Da damina, musamman Agusta, zaren yana shan danshi, zaka ji yana tas tas a nozul kamar an ɗiga ruwa a mai, abun ya fito da ƙuraje. Wankakken bokitin fenti mai murfi da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi sun wadatar wajen ajiye zaren.

Bugun farko ka tsaya a kansa har hawa na farko ya gama, yawancin lalacewa daga nan take. Layin ya kwanta ya ɗan baje ya manne da na kusa dashi, in ka ga yana zagaye kamar igiya nozul yayi nisa, in farantin yana leƙowa ta ciki ya matse da yawa. Maiƙon yatsa kaɗai yana hana kamawa, wanke farantin da sabulun wanke-wanke ka daina dafa shi. In baka tsaya ba zaka dawo ka tarar da taliya 'yar murji cike da tebur, kowa a harkar nan ya taɓa dafa ta. Akwai wani ɗan jirgin ruwa 3DBenchy mai tsawon milimita 60 da duk duniya ake gwada inji dashi, sauko dashi ka buga, in ya fito sumul injinka lafiya yake, matsalar da ta biyo baya daga zanenka ne. Kuma ka kula da yara, nozul ɗin nan yafi dutsen guga zafi, sannan kar ka kulle shago ka tafi gida ka bar shi yana aiki.

Mai rezin kuma, wadda take fitar da abu santsi da hawa 0.05, ta maƙeran zinari da masu haɗa haƙori ce. Ruwan yana cin fata, sai da safar hannu da sifirit na wankewa da fitilar busarwa da ɗaki mai iska. A gidan haya da yara kar ka soma.

Maganar kuɗi, ana samu amma ba ta inda kake zato ba. Nadin zare kilo ɗaya ne, makunni irin na Hajiya bai wuce giram 8 ba, kaga nadi ɗaya zai ba ka sama da 100, roba ba ita ce tsadar ba, lokacinka ne da zanenka da wutarka da waɗanda suka lalace. Duk abin da ake samu a Ƙofar Wambai kar ka buga shi, kamfanonin roba na Sharada da Challawa suna zuba dubbai a mol kafin ka gama ɗaya, kofi ko mataji in ka buga ka yi wa kanka dariya. Kasuwarka ita ce abin da aka zaga Sabon Gari da Ƙofar Ruwa aka rasa: maƙalin roba na cikin tsohuwar mota, giyar injin da aka daina kawo kayansa, akwatin da ɗalibi zai sa Arduino, ɗan allon lantarkin nan, na aikin kammala karatu, ƙirar gida ta masu zanen gini, tambarin da mai sabulu ko mai jakar fata zai danna, samfurin da masu zubin alminiyam zasu danna a yashi. Duk waɗannan babu su a shafukan sauke zane irin Thingiverse ko Printables, sai wanda ya iya kalifa. Waɗanda kake saukowa dasu kyauta ma ka duba lasisinsu, da yawa an rubuta ba na sayarwa bane. Su dodanni da 'yan tsana da suka cika bidiyon kuwa, ni dai bana buga mai rai, hukuncin ka tambayi malamai, amma ko a kasuwance nan ba garin da zaka jera mutum-mutumi a shago ka jira mai saye bane. Kayan da zasu taɓa abinci ma ina kaucewa, tsagin da ke tsakanin hawa yana riƙe datti, wanki baya fitar dashi duka.

Ga aikin satin nan. Nemo rimot ɗin gidanku wanda murfin batirinsa ya ɓata aka naɗe da salatif, nasan akwai. Auna wajen da kalifa, faɗi da tsawo da zurfin 'yan ramukan da haƙoran murfin ke shiga, rubuta a takarda, zana a Tinkercad. Haƙoran nan zasu wahalar da kai, kar ka yi su ƙasa da milimita 1.2 kauri in ba haka ba ranar farko zasu ɓalle. In ka gama turo min fayil ɗin da hoton takardar awon, zan buga maka in akwai wuta.